Gani Ba Ci Ba: Kwana Biyu Tsakanin Gaya da Ajingi

Hoton ɗanwake ne ya tashe ni daga Kano. Da hantsin wata Talata ina zaune a wurin aiki, cikina babu komai sai ruwan shayi, na shiga leƙen abin da mutane suka ɗora a sitatus na WhatsApp, sai ga shi: faranti fari ƙal, ɗanwake ya sha mai yana ƙyalli, an raba dafaffen ƙwai biyu an kwantar a gefe, ga tumatir ga albasa, yaji kuwa kamar da ma'auni aka barbaɗa shi. A ƙasa an rubuta, "Akwai yau, sai wanda ya riga." Mai hoton taubashiyata ce, 'yar goggona da ke aure a Gaya. Na rubuta mata cewa wannan satar hoto ce, a intanet ta tsinto, don na san hannunta tun tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani. Ba ta ɓata lokacin rubutu ba, saƙon murya ta turo: "Yaya, gani ya kori ji. In ka isa ka zo. Kuma ka taho da kuɗinka, ba na ba 'yan birni bashi."

Dama Goggo ta daɗe tana aiko da ƙorafi daga ƙauyensu a ƙasar Ajingi, wai na yar da zumunci. Sai na ce bari in yi tafiya ɗaya in biya bashi biyu.

Ranar Asabar na tari mota a Mariri, kusa da 'yan goro, a kan titin Maiduguri. Hunturu ya fara shigowa, hazo ya kwanta a kan gonakin da aka riga aka girbe. Kafin mu kai Wudil an gama rigimar kuɗin mota, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa takardar naira sai wata tsohuwa da ta kwance bakin zaninta. Sauran duk taransifa muka yi, yaron mota na riƙe da waya yana jiran alat, yana kiran sunan wanda nasa ya shigo kamar mai kiran rajista. Wanda ya san hanyar nan kafin 2023 ya san ba haka take ba. Canjin kuɗin da aka yi a farkon shekarar, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, shi ya koya wa mai rake da mai ƙosai karatun da ba su nema ba. Da yake ba Juma'a ba ce, ba mu sha cunkoson kasuwar shanu ba. Muka haye gadar Wudil muka miƙe gabas.

Gaya ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Duk wanda ya karanta tarihin Kano a makaranta ya ji labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga nan suka tashi neman tama har suka yada zango a gindin Dala. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga garin ya zama masarauta mai sarkin yanka, a 2024 aka soke, sannan aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ni dai maƙerin da na fara gani ina sauka, saurayi ne a ƙarƙashin lema, ba uwar maƙera ba zugazugi, sai tebur cike da gawarwakin wayoyi da ɗan ƙarfen dalma da yake ɗumamawa a kan gawayi saboda babu wuta. Ya ce a kasuwar waya ta Farm Centre ya yi koyo. Na tambaye shi ciwon da aka fi kawo masa. Ya ce fashewar gilashi da lalacewar wurin caji, sai kuma wayoyin mata da suka sha hayaƙi da maiƙo a madafa.

A gefensa mai caji ne, da allon katako jere da soket kamar gidan zuma, kowace waya da lambarta a manne. Da janareto yake aiki a da. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ga cinikin yini yana ƙarewa a tankin injin, ya tattara ya sayi faifan sola biyu da batir. Ya ce bai taɓa ganin kasuwa irin ta Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe sama da mako cikin duhu. Har masu kuɗin garin sai da suka zo suka bi layi.

Mijin taubashiyata, malamin firamare ne, ya tare ni a zaure. Bayan mun gaisa ya yi mini iso. Na iske ta a bakin murhu tana jefa ɗanwake cikin tafasasshen ruwa, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ashe yunwa na kawo mutum inda zumunci bai kawo shi ba."

Wanda ya san ɗanwake ya san ba abincin ado ba ne. Garin wake ne da na rogo da kuka da ruwan kanwa, in an tsame shi launinsa tsakanin toka da ganye yake, ba shi da wani fasali. To yadda ake mayar da wannan ya zama abin da na gani a waya shi na zauna na kalla, kuma aiki ne. Da farko akwai farantin hoto. Guda ɗaya ne, na tangaran, daga cikin kayan jerenta na aure, babu wanda ya taɓa cin abinci a cikinsa. Masu saye a roba ake zuba musu. Ta ɗauko wani ɓallin tayil fari da ya rage a ginin maƙwabta, ta shimfiɗa a ƙofar ɗaki. Na ce me ya hana ta fita tsakar gida inda rana take. Ta ce rana tana ƙona hoto, ɗaki kuma yana kashe shi, sai daidai bakin inuwa, kuma da hantsi, kafin rana ta take. Ta zaɓi ƙwayoyin da suka fi kyau ɗaya-ɗaya, ta zuba mai da cokali, ta goge gefen farantin da tsumma. Aka ba ƙaramin ɗanta faifai ya tsaya korar ƙuda, aka ba babbar aikin tare kaji. Sannan ta goge idon kyamara da bakin hijabinta, ta kifa turmi, ta hau, ta sunkuya ta ɗauko daga sama.

Sau goma ta ɗauka, ta goge tara nan take, don wayar kullum kukan cikewa take. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata. A TikTok da Instagram ta ga yadda matan birni masu koyar da girki suke yi, ta ɗauki abin da zai yiwu a gidan ƙasa ta bar sauran. Ta taɓa gwada irin abin nan da ke ƙara wa hoto launi, ɗanwaken ya fito ja kamar dafa-duka. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi oda, da aka kai mata ta bugo waya tana cewa ashe kallon kitse ta yi wa rogo. "Kuma Yaya da gaskiyarta," in ji ta, "don rogon ne a ciki." Tun daga ranar ta daina.

Minti kaɗan da ɗora hoton wayar ta fara ƙara. Ma'aikatan sakatariya ne, da malaman makaranta, da masu shaguna a bakin titi, kusan duk da saƙon murya. Ƙanin mijinta ke kaiwa a keke, kuɗi kuma ya faɗo ta Opay. Ba ta barin data a kunne; tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, sai ta ɗora ta karɓi oda ta kashe. Abin da ya fi tsaya mini shi ne babbar 'yarta. A da ita ke ɗaukar tiren zuwa tasha, ta yini tana "a sayi ɗanwake" a tsakanin 'yan kamasho da direbobi. Yanzu hoto ne ke zuwa talla, ita kuma tana boko da safe, Islamiyya da yamma. Kada dai in cika baki: na baro tashar cike take da 'yan mata da tire a ka, domin babbar waya, ko ta hannu ce, kuɗinta ya isa ya sayi hatsin da gida zai jima yana ci, ba kowace uwa ke da wannan ba. Amma a gidan nan guda, na ga inda turmi da tayil suka sauke wa yarinya kaya.

Na tuna zamanin da hoto sai da salla ko biki, a yi wanka a saka sabon ɗinki a jira mai hoto, fim ɗinsa 36 kawai yake ɗauka, sai ya cika a kai wanki. Wa zai ɓata guda a kan tuwo? Da ka ce a ɗauki hoton abinci a lokacin, da an fara nema maka rubutun sha. Ko a 2001 da wayar GSM ta shigo Najeriya, magana da gajeren saƙo kawai take yi, su ma da tsada.

Ta zuba mini nawa a kwanon silba, ba a farantin hoto ba. Na ci, na ƙara, na biya. Na ce mata ya fi hotonsa daɗi, ta ce wannan ita ce gaskiya ta farko da ta taɓa ji a bakina. Da na tambaye ta ko tana ɗora abin da suke ci a gida, sai ta dube ni kamar na yi saɓo. "Na sayarwa nake ɗorawa. Je ka wurin Inna ka yi mata wannan tambayar."

Bayan la'asar na hau acaɓa muka nufi arewa. Ɗan acaɓar ya ɗaure ƙaramar MP a kan kan babur ɗin, wa'azi na tashi, iska na kwashe rabinsa. Hanyar Ajingi a wannan lokaci ta kaka ce sosai: an jingina karan dawa tsibi-tsibi, rumbuna sun sha sabon yaɓe, mata na sussuka a bakin gari, itatuwan kuka sun tsaya tsirara an zage ganyensu. Nan da can za ka hango faifan sola a kan soro an tokare shi da dutse. A gindin wata tsamiya samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ko ɗagowa ba su yi ba da muka wuce.

Goggo ta karɓe ni da faɗa, sannan da ruwa a kwanon sha, sannan da gaisuwa mai tsawo, tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda na manta ina da su. Wayarta ƙarama ce mai madannai, tana rataye a wuyanta cikin 'yar jaka kamar laya. Ba ta karanta suna. Jikanta ya saka mata hanyar da in ta danna lamba ɗaya ta samu ɗanta na Legas, in ta danna biyu ta samu ta Gaya. Amma babban aikin wayar tocila ce. Da magariba ta yi, da haskenta ta leƙa tukunya, a gurbin da aci-balbal da fitilar ƙwai suka yi zamaninsu.

Bayan isha aka kawo tuwon dawa a akushi, an rufe da faifai. Na buɗe, ƙamshin daddawa da man shanu ya buge ni. Miyar kuka ce irin wadda aka kaɗa da haƙuri, ba gudaji, ba tsinkewa. Hannuna bai nufi tuwon ba, aljihu ya nufa. Ban ma san na yi ba sai da na ji muryarta.

"Kai ɗan nan, me za ka yi?"

"Hoto, Goggo. Zan nuna wa abokaina."

"Su nawa ne?"

Na yi lissafin masu ganin sitatus ɗina. "Za su kai 300."

"To tuwon zai ishe su?"

Ta miƙo hannu ta mayar da faifan. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce a inda ta tashi, wanda ya ga abincinka ya shiga cikinsa. Ko baƙo ne a hanya sai ka ce masa bismilla. In ba za ka yi tayi ba, to ka rufe. Shi ya sa ba a ratsa unguwa da kwano a buɗe, shi ya sa ake hana yaro fita ƙofar gida da nama a hannu. "A cikin ɗari ukun nan naka, ka san wanda bai ɗora tukunya ba yau?"

Ban da amsa. Na san dai cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100, na kuma san gidaje a unguwarmu da suka koma ci sau ɗaya ba tare da sun gaya wa kowa ba. Mu kan ce Allah ya rufa asiri, kuma rabin abin da muke nufi abinci ne: kada a san ranar da ka samu, kada a san ranar da ka rasa. Faifan da ke kan akushi ba don ƙuda kaɗai aka yi shi ba. Wasu za su ce tsoron baki ne ko kambun baka, kuma akwai wannan, ba na musu. Amma abin da Goggo ta faɗa ba tsoron idon mutane ba ne, tausayin cikinsu ne. Hoton taubashiyata yana da tayi a cikinsa, ko da na kuɗi ne: ga shi, in kana so aiko. Nawa kuwa me zai ce? Ga shi, na ci, ku ba ku ci ba. Na mayar da wayar aljihu na wanke hannu.

Da a nan aka tsaya, da na dawo da labarin tsohuwa mai ƙin zamani, da kuma na yi mata ƙarya. Muna gama ci ta ƙwala wa jikanta kira, ɗan sakandare ne, shi ke da babbar waya a gidan.

"Maigida, kawo min abin nan in ga abin da aka ba ubanka yau."

Ɗanta yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 a Legas, shekara da shekaru. Ashe kusan kullum sai ya turo hoton abin da matarsa ta ajiye masa, kuma ita ta ɗora masa wannan doka. Yaron ya durƙusa ya riƙe mata wayar, hasken ya cika fuskarta. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa. Ta ce, "Jawo min shi kusa." Ya buɗa yatsu biyu, hoton ya girma. Ta daɗe tana dubawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. "Miyar nan ta tsinke. Ruwa ta cika mata. Yarinyar nan har yau." Sannan ta sa a matsa gefe, inda hannun ɗanta ya fito a bakin kwanon, ta ƙura wa wuyan hannun ido. Shiru ya ɗan yi tsawo. "Bai rame ba," ta ce, ta ture wayar.

Jikan ya nuna mini sauran. Duk ran da uban ya turo kuɗi aka karɓo a wurin mai POS, sai a ɗauki hoton abin da aka saya, gero ko manja ko ƙullin nama, a tura masa, wani lokaci har da tukunyar a kan wuta. Ba don yana zargin kowa ba. Don hankalinsa ya kwanta. Akwai kuma hoton girkin farko na wata jikarta amarya, da ta turo daga ɗakinta tana neman a duba mata. A da kwano ne ke yawo tsakanin gidaje, ciyayya, a kai da tuwo a dawo da fura. Legas ta yi wa kwano nisa.

Da safe aka yi ɗumame. Tuwon jiya ya kwana cikin miyarsa, ya yi laushi, gefen tukunya ya ɗan kama. Ina zaune a rana ina kallonsa, Goggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In za ka ɗauka ka tura wa ɗan'uwanka shi kaɗai, ɗauka. Yana son na kwana."

Na yi duk abin da na koyo a Gaya. Na matsa bakin inuwa, na goge idon kyamara, na miƙe tsaye. Tururi ya rufe gilashin. Na jira, na sake. Abin da ya fito ba zan ɓoye ba, kamar taɓon bakin rijiya yake. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da Itel da suka cika aljihunan ƙasar nan, ya yi suna ne da daidaita kyamara don ta fitar da fuskar baƙar fata yadda take. To har yau ban ji wanda ya zauna ya yi wa miyar kuka wannan gata ba. Kyamara ja take so da ruwan ɗorawa, shi ya sa dafa-duka da soyayyar kaza suka cika wayoyinmu, har yaro ya ɗauka abin da ba ya kyau a hoto ba abincin kirki ba ne. Ba ta san daddawa ba, ba ta san man shanu ba, ba ta san abin da kwana ɗaya ke yi wa tuwon dawa ba.

Sabis ba ya shiga gidan sosai, sai da jikan ya raka ni wani tudu a bayan gari inda kowa ke zuwa ya ɗaga hannu sama. Hoton ya yi ta juyi kafin ya tafi. Muna dawowa amsa ta shigo, saƙon murya, hayaniyar kasuwa a bayansa. Na kunna wa Goggo. Ya ɗan yi shiru tukuna, sannan ya ce, "Inna, na dawa ne ko? Da man shanu?" Ta sa na maimaita mata sau uku. Ta ce in gaya masa na dawa ne, kuma an ajiye masa kukarsa ta bana.

Da zan tafi ta haɗa mini ƙulli biyu, garin kuka da daddawa, ta ce rabi nawa, rabi in sauke wa ta Gaya, kuma in gaya mata ta rage kanwa. Na sauke, na isar da saƙon, na sha baƙar magana a madadin mai aiken.

A motar dawowa na cusa ledar a ƙarƙashin kujera, na ɗora jaka a kai. Ba mu kai Wudil ba wata mata a bayana ta shaƙi iska ta ce, "Wai daddawar wa ke tashi haka?" Na yi kamar ban ji ba. Ta taɓo kafaɗata. "Malam, taka ce? Don Allah ba ni lambar mai yin ta."

Na ce ba ta sayarwa ba ce, goggona ce ta ba ni.

Ta ce, "To ai sai a sam mana."

Na sunkuya na jawo ledar, na fara kwance ƙullin.